Filin da Baffa Ya Hana a Gina

Ranar da Baffa ya rasu, kusan duk wanda ya zo gaisuwa sai da ya yi murmushi kafin ya tashi, kuma murmushin nan ya fi kukan kowa tsaya mini a rai. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta ce Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, a yi shiru yadda ya kamata. Can sai wata ta gyara zama ta ce, "Allah sarki Malam, yau kam sanda ta kwanta." Sai a rufe baki da gefen mayafi ana 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ba da mugunta suke yi ba, na sani. Amma ni ina gefe ina tafasa kamar tukunyar da aka manta a murhu.

Baffa wan mahaifina ne, shi ne babban gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Tsiga da Bakori. Zaure bai ɗauki masu gaisuwa ba, sai aka shimfiɗa wa maza tabarmi a filin da ke gefen gida, wanda duk unguwa ke kira filin Baffa. Zana ɗaya ce tsakaninmu da su, don haka duk abin da suka ce a kunnena. Na ji wani Bayarabe mai sayar da atamfa, haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ba ta da maraba da tamu, yana ba da labarin ranar da ya fara zuwa ƙauyenmu da taba a baki. Ya ce, "Ko sallamata bai amsa ba. Sai dai na ji an zare tabar, an murje ta a ƙasa, an bi ta da ruwan buta. Sannan ya dube ni ya ce, 'Wa alaikumus salamu, yanzu ka zama baƙo.'" Maza suka yi ta dariya har sai da liman ya yi gyaran murya.

Da dariyar ta lafa, sai na ji wata murya ta ce, "Wurin nan fa da faɗi yake. Ai gida guda ne da zaurensa." Wani ya amsa, "Har da rumfa." Ƙasar kabarin Baffa ko bushewa ba ta yi ba, su suna zaune a kan tabarmar makokinsa suna auna filinsa da ido.

Wanda bai san unguwarmu ba zai ce mene ne abin ɓacin rai a nan. To, gidan aurena yana yamma da filin nan, dangarmu ita ce iyakarsa. Daga gabas iskar rani take zuwa mana, kuma gabashin filin gidaje ne a cunkushe, danga ta jingina da danga, jinka tana shafar jinka, har bakin daji. Babu abin da ya raba ɗakin da 'ya'yana ke kwana da wannan tarin kara da ciyawa sai filin Baffa. Shi ya sa na ɗauko ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, don kada a wayi gari abin da aka sani game da shi kawai tsoho ne mai faɗa da sanda.

Faɗa kam yana da shi, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Da an gama girbi, mata sun fara tara karan girki, Baffa zai ɗauki sandarsa ya shiga lungu-lungu. Duk inda ya ga an jingina damin kara a jikin danga sai ya ture shi, ba ya tambayar na wace ce. In ya shinshino hayaƙi da rana tsaka iska na kaɗawa, zai tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya: "Wace ce mai yunwar da ba ta jiran la'asar?" Amare sukan yi kuka saboda shi. Tsofaffi kuwa ramawa suke, musamman Goggo, ƙanwarsu shi da mahaifina, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta. Takan ce masa, "Yaya, in ɗanyen gari za ka ci, faɗa mana mu huta da hura wuta."

Abin da ya fi tsana shi ne ɗiban wuta. Ashana ba kowane gida ke da ita ba, kuma ko mai ita ba ta ƙyasta ta a banza alhali maƙwabciya ta riga ta hura murhu. Sai a karyo kara a cusa a murhun maƙwabta, in ya kama a fito da shi a hannu ana kaɗawa don kada ya mutu, a bi lungu da shi yana zubar da tartsatsi tsakanin danga biyu. Haka muka taso muka ga uwayenmu suna yi. Baffa ya ce sai dai a ɗebo a kasko, a kife da wani kaskon. Har kasuwar Bakori ya je ya sayo kasake ya raba gida-gida. Mata suka yi godiya sosai, suka mayar da su na ba kaji ruwa.

Ba haka aka haife shi ba. Mahaifina ya ce a da Baffa mutum ne mai raha, in ana gayya shi ke zolayar makaɗa har su rasa bakin waƙa. Abin da ya canza shi na gani da idona, ina budurwa, a ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai.

Ranar kasuwar Bakori ce, maza duk sun tafi. Auduga ta yi kyau a shekarar, ba a buɗe kasuwarta ba tukuna, kowane gida an danƙare ɗaki da ita har bakin ƙofa. Rumbuna kuwa suna can ƙuryar gida, bayan ɗakunan mata, inda muke ajiye su tun kaka da kakanni, don a wurinmu ba a son maƙwabci ya san yawan abin da ka noma, balle ya san ranar da ya ƙare. Da hantsi wata ta ɗebo wuta a kara a gabashin unguwa. Har yau ba a faɗin ko wace ce, ni ma ba zan faɗa ba, don abin da ta yi kowace mace a unguwar ta yi shi a safiyar nan.

Ban san wuta tana gudu ba sai ran nan. Kafin mu gama tambayar hayaƙin gidan wa ne, ga ta a kan jinkarmu. Auduga ba ta ci a hankali. Ɗaki yakan yi wani irin nishi ne kawai, sai ki ga ya koma ja gaba ɗaya. Muka fita da abin da ke jikinmu. Kakarmu, mahaifiyar su Baffa, tana ɗakinta na ƙurya, idonta ya daɗe da tafiya, ƙafa kuma ba ƙarfi, ga lungun da ake bi zuwa wurinta an cika gefensa da kara. Goggo ta gwada shiga, har yau hannunta na dama ba ya miƙewa. Da maza suka dawo a guje daga kasuwa, ba abin da ya rage a tsaye sai gindin rumbuna, hatsin ciki yana ci kamar garwashi. Baffa shi ya shiga tokar ya fito da mahaifiyarsa, ya hana kowa ya taya shi.

Da aka zo sake gini, kowa ya koma kan tsohon gurbinsa, danga inda danga take, rumbu inda rumbu yake. Aka ce ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce, wa ya isa ya musa. Baffa kaɗai ya ƙi. Sashensa da garkar da ke bayansa sun miƙe tun daga bakin hanya har kududdufi, wato sun raba unguwa biyu. Ya ce ba za a ƙara kafa ko tsinke a wurin ba. Ya kwashi iyalinsa suka matsu a sashen mahaifina ta yamma, rumbunan gida kuwa ya gina su can bakin kududdufi, a sarari, nesa da kowane ɗaki.

A kan rumbunan nan ne suka yi faɗan da ban taɓa ganin irinsa a gidanmu ba. Mahaifina ya ce, "Yaya, tsirara kake son yi mana a gari? Duk mai wucewa sai ya ga damin da muka fitar? Ran da rumbu ya ƙare fa, surukanmu su gani?"

Baffa ya ce, "Su gani. Wanda muka ɓoye bara, wa ya ci shi?"

"To ga yara na tasowa. Ka hana gini, ina za su sa matansu?"

"Su sa su inda za su iya fito da su."

Mahaifina ya kaɗe rigarsa ya tashi. Mutanen da tun suna yara kwano ɗaya suke ci, sai ga shi damina guda kowa na cin tuwonsa a kusurwar zaure, an ba juna baya kamar baƙin da suka haɗu a tasha. Goggo ce ta gaji. Wata rana ta aika da kwano ɗaya tak, ta ce a faɗa musu wanda ya ga dama ya kwana da yunwa. Dole suka juyo suka sa hannu a kwano ɗaya.

Tun daga nan filin ya zama sana'ar Baffa. Da ruwa ya ɗauke zai fito da fartanya ya kankare ciyawa, ya bi da tsintsiya, ya kwashe sharar ya kai kududdufi. Yara kaɗai ya yarda su shiga su yi wasa, don ƙafarsu tana hana ciyawa fitowa. A ƙauyen da auduga ta zo har gindin danga, mutum ya bar ƙasa mai kyau yana sharewa kamar tsakar ɗaki, ai dole a yi masa ba'a. Masu wucewa sukan ce, "Malam, bana me aka samu a gonar?" Shi kuma ba tare da ya ɗago ba zai ce, "An samu ku, ga ku a tsaye kuna tambaya."

Sunan kakarmu aka sa mini, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba, Inna yake ce mini. Da samari suka fara zuwa zance, bai tambayi asalin kowa ba, bai tambayi gonarsa ba. Ya kira ni zaure ya ce, "Inna, wanda kike so ɗin nan, gidansu gabas da fili yake ko yamma?" Allah ya taimake ni na yamma ne. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Madalla. Wuta ta karɓi Inna ɗaya a hannuna, ba na ƙara mata wata." Ran nan ne kawai na ga ya share ido da hannun riga, kuma nan take ya kore ni, wai na tsaya masa a kai.

Bayan 'yan shekaru wutar ta dawo. Wannan karon masu farautar gafiya ne suka cinna wa daji don su kore ta daga rami, iska ta juyo da wutar gari. Gabashin unguwa ya sake tashi kamar wancan karon. Ina tsaye a jikin dangarmu da goyo a baya, zafin yana marin fuskata, ina kallon wutar ta zo bakin filin ta tsaya tana lanƙwasowa, ba ta sami abin kamawa ba. Mutanen gabas duk filin suka gudo, maza suka sami wurin tsayawa suna ɗibar ruwan kududdufi suna kashe tartsatsin da ya tsallako. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, kuma ko jinka ɗaya ba ta kama a yamma ba.

Washegari na buɗe kunne in ji me za a ce. Aka ce Allah ya kiyaye, kuma Shi ne ya kiyaye. Aka ce albarkar addu'a ce, aka yi sadakar waina. Ban ji mutum ɗaya da ya ce a bar irin wannan fili a gabas ba. Kafin damina an sake kafa danga a jikin danga, an mayar da rumbuna ƙurya, mata sun koma ɗiban wuta a kara. Na je wurin Baffa raina a ɓace, na ce wai mutanen nan ba su da ido ne? Ni na ɗauka zai taya ni faɗa, tunda faɗa abincinsa ne. Sai ya ce, "Inna, ina za su je? Ƙasar ke nan, yaran kuwa kullum ƙaruwa suke." Shi da suka yi shekaru suna yi masa dariya ya sama musu uzuri. Ni har yau ban iya ba.

A shekarar nan hatsin gabas duk ya ƙone, na gidanmu na bakin kududdufi yana nan. Baffa ya san ba wanda zai zo ya roƙa, don magidancin ƙauyenmu gara ya sha ruwa ya kwanta da a ji ya ce ba shi da shi. Sai ya bi su gida-gida fuskarsa a murtuke yana cewa, "Ƙwari sun shiga mani rumbu. Ku taimake ni mu cinye kafin su riga mu." Na ga dawar da idona, ko huda ɗaya babu a jikinta. Kafin sabon hatsi ya nuna rumbunanmu sun ƙare ƙaf, a buɗe, a sarari, duk mai wucewa yana gani, mu kuwa muna cin tafasa da rogo. Abin kunyar da mahaifina ya ji tsoro ya faru a gaban surukai da kowa. Kuma mahaifin nawa shi ya riƙa ɗaukar damin a kansa yana kai wa mutane.

Bana da ruwa ya ɗauke Baffa ya fito da fartanyarsa kamar kullum, bayansa a sunkuye, yana yi yana hutawa. Ya gama sharar filin tas, sannan ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ina ɗakin ya sa aka kira babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, ya riƙe hannunsa ya ce, "Kada ka taɓa filin nan." Yaya ya ce, "To, Baba."

Bayan sadakar arba'in na fara jin ƙishin-ƙishin. Yaya yanzu yana tara wa wani ɗan kasuwar Funtua auduga, kuma filin ya faɗo a rabonsa. Na fara zuwa wurin mahaifina, tunda shi ne babba yanzu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗiyata, gadonsu ne. Ni na yi faɗa a gina, yau kuma in tashi in yi faɗa kada a gina? Wa zai ji ni?" Na ce ni zan ji shi. Ya ce ai ni ba ni ce mai filin ba.

Sai na tari Yaya a zaure. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tambaye shi ko gaskiya ne.

Ya ce, "Ƙanwata, kada ki ɗauke ni mugu. Kakar nan da ta mutu ni ma kakata ce. Amma 'ya'yana maza a zaure suke kwana, ga fili a kwance ana wasan langa a kai. Da laka zan yi, ba da zana ba."

"Rufin fa, Yaya?"

"Jinka tukuna. In Allah ya hore sai a sa kwano."

"Me za a zuba a ciki?"

Ya ce, "Ɗaki ɗaya na yara. Sauran auduga."

Na ce, "Ka ce wa Baffa to. Ina wurin."

Ya ce, "Me ake ce wa marar lafiya?"

Ni 'yar ƙane ce, matar wani gida, ba ni da ko taku ɗaya a ƙasar nan. Abin da ke ci mini rai shi ne Yaya ba ƙarya yake ba, yaransa a zaure suke kwana. Kowa a unguwarmu yana da dalilinsa mai kyau, kuma da dalilan nan masu kyau muka ƙone sau biyu.

Makon jiya aka fara buga tubali. Sun jera shi a filin yana shan rana, daga bakin hanya har kusa da dangarmu. Na ji magini yana yaba wurin, yana ce wa Yaya, "Allah ya jiƙan Malam, ya bar maka ƙasa. Ba kututture, ba saiwa, sai gini kawai." Yaya ya ce amin.

Ni ma amin na ce, daga bayan danga. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sa kwanciya hutawa ce, ya saka masa da kowace rana da ya yi yana sharar ƙasar da ba ta taɓa ba shi ko zangarniya ɗaya ba. Ya yi nasa har ya gama. Mu da ya bari ne ban san yadda za mu yi ba.

Na ce wa maigidana a buɗe mana ƙofa ta bayan gida, kusa da ɗakin yara, wadda za ta fita gonaki ta yamma. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ke, gidan mutunci da ƙofar baya? Me mutane za su ce muna fitarwa ta nan? Allah na nan." Na ce na san yana nan. Ya ɗauki buhunsa ya tafi cirar auduga, a ganinsa magana ta ƙare.

Yana fita na ɗauki adda na zagaya bayan ɗakin yara na fara saran dangar. Da jikina na auna faɗin: ni da goyo, yaro a hannun dama, yarinya a hagu. Ina cikin yi sai ga surukata, mahaifiyar maigidana, ta dogaro sandarta, don gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta. Tana cikin waɗanda suka fi kowa yi wa Baffa dariya. Ta tsaya tana kallon karan da na zubar, ta ce, "'Yar nan, me za a ce da mu a gari?"

Na ce, "A ce abin da za a ce, Inna." Ban daina sara ba.

Ta dubi ƙofar, ta juya ta dubi gabas inda ake jin ƙarar masu kwaɓa laka. Sannan ta matso ta taɓa gefen dangar da sandarta.

Ta ce, "Ƙara faɗinta kaɗan. Ni ba ni da sauri, sai an riƙe ni."